Jigo ɗaya, babu wayar ɗauri: shekara shida da na yi da Nonsuch 30

Bayan la'asar ne, muna zaune a gindin tsamiyar bakin kogi. Kawu yana ɗinkin kalli, ni kuma ina rage hotuna a wayata don ta cika. Sai na ci karo da hoton Nonsuch 30, jirgin ruwa mai tafiya da iska da na yi shekara shida da shi, na miƙa masa. Ya ajiye zare, ya kare hasken rana da tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Bai tambayi kuɗinsa ba, bai tambayi mutum nawa yake ɗauka ba. Yatsa ya ɗora a kan jigon, wato sandar da ke ɗauke da ƙyallen da iska take turawa.

"Wannan doguwar sandar, me ya riƙe ta?"

Na ce, "Babu komai, Kawu. Gindinta ne kawai."

"Ko turken wutar lantarki, in a kwana yake, sai an ɗaure shi da waya. Wannan kuma da ƙyalle kamar rumfar biki, a tsakiyar ruwa, ka ce ba ɗauri?" Ya girgiza kai. "Ɗan nan, Allah ne dai ya yi da sauran kwananku."

Kawu ya haura shekara 50 a kan ruwa, tsakanin Ringim da Haɗeja babu lungun da bai jefa birgi ba. Bai taɓa ganin jirgin iska na zamani ba, amma tambayar da ya yi ita ce wadda duk masanin jirgi yake yi idan ya fara ganin irin wannan, har da Turawan da muka yi maƙwabtaka da su a tashar jirage. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in faɗi abin da na gani da idona, mai daɗi da marar daɗi.

Ni ɗan masunta ne, a cikin kwalekwale na koyi zama. Aiki ya kai ni Toronto a ƙasar Kanada, birnin da ke bakin tafkin Ontariyo. Ruwan daɗi ne, ba gishiri, amma tsawonsa ya haura kilomita 300, faɗinsa kuma ya kai 85 a inda ya fi buɗewa. Kana tsakiyarsa ba ka ganin gaɓa. Shekara biyu ina zuwa bakinsa in tsaya ina kallo kamar maraya a bakin kasuwa, har wani abokin aikina, dattijo, ya ce in zo mu haɗa kuɗi mu sayi jirgi na hannu. Gwiwarsa ta fara ciwo, yana son jirgin da ba sai an yi ta tsalle a kansa ba. Abin da muka biya mu biyu ya yi kwatankwacin kuɗin sabuwar mota.

Nonsuch 30 ƙirar Kanada ne. Mark Ellis ne ya zana shi, kamfanin Hinterhoeller da ke St. Catharines, a ƙetaren tafkin, ya fara ƙera shi a 1978. Namu ya riga ya ba shekara 30 baya lokacin da ya zo hannunmu. Tsawonsa ƙafa 30 da ɗoriya, faɗinsa kusan ƙafa 12, wato ya fi sa'o'insa ƙiba sosai. Jikinsa faiba ne, nauyinsa wajen tan 5, kuma kusan tan 2 daga ciki dalma ce da aka rataya a ƙarƙashinsa, ta nutse ƙafa 5 a ruwa. Wannan dalmar ce take hana shi kifewa. Akwai ƙaramin injin dizal na shiga tasha da fita. Jigon na alminiyam ne, ya tashi sama da ƙafa 50 daga fuskar ruwa, an dasa shi can gaba daf da hancin jirgin. Ƙyalle ɗaya tal yake ɗauka, mai faɗin murabba'in mita 50.

Yawancin jiragen iska da za ka gani a kowace tasha jigonsu siriri ne, a tsakiya, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe gaba da baya da gefe biyu, kamar dogon ƙarfen gidan rediyo. Wayoyin suna janyo shi ƙasa, shi kuma yana tokare. Tsari ne mai kyau, kuma yana ba da damar ɗaura ƙyalle na biyu a gaba. Amma kowace waya tana da maɗauri a sama, maɗauri a ƙasa, da noti, da ƙusa ƙarama kamar tsinken sakace. In ka ƙirga sai ka sami wurare da dama waɗanda in ɗaya ya balle, jigo zai iya zubowa gaba ɗaya. Don haka ake sauya wayoyin bayan shekara 10 zuwa 15 ko da ido bai ga komai ba, kuma ta inda suka huda rufin jirgi nan ne ruwan sama yake samun hanya.

Namu ba haka yake ba. Da na rasa yadda zan yi wa Kawu bayani, sai na nuna masa sandar fatsar wani yaro da ke gefenmu. Kauri a gindi, siranta a kai, hannu biyu suna riƙe da ita, ɗaya a ƙarshe ɗaya a gaba kaɗan. In babban kifi ya ja, ba ta gardama, sai ta lanƙwasa. To haka jigon nan yake. Gindinsa yana zaune cikin wani mazauni a ƙasan jirgi, sannan rufin jirgin ya kama shi a wuya. Tsakanin waɗannan wurare biyu duk ƙarfin iska yake sauka. A gindi, tafin hannuna biyu ba sa zagaye shi. Idan guguwa ta bugo, sai kansa ya sunkuya, saman ƙyallen ya buɗe, iskar ta zube ta wuce, jirgin ya ɗan kwanta ya tashi. Na sha kwantawa a rufin jirgi ina kallon wannan, kan jigon yana rausaya kamar kan karan dawa, kuma ko a shekara ta shida sai na ji gabana ya ɗan faɗi kafin ya dawo daidai.

Ba sabuwar dabara ba ce. Jiragen mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna keta teku da jigo marar ɗauri. A zamanin nan kuma wani Ba'amurke, Garry Hoyt, ya fito da Freedom 40 a 1976, mai jigo biyu duk babu waya, kuma daga baya aka riƙa yi wa jiragen Freedom jigo na zaren kabon, wanda ya fi alminiyam rashin nauyi. Ko jiragen sama na farko da wayoyi aka ɗaure fikafikansu, yau kuwa wa yake ganin waya a fiffiken jirgi?

Abin da ya fi shiga raina shi ne sauƙin tuƙi. Jirgin iska ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya yanka ta a karkace, ya yi dama ya yi hagu, kamar yadda jaki mai kaya yake hawan tudu. A sauran jirage, duk juyi ɗaya sai an saki igiya a wannan gefe, an ja a wancan, ana ihu, ana murza ƙarfe. A namu sitiyari kawai za ka juya. Ƙyallen zai tsallaka da kansa ya cika a ɗaya gefen, kofin shayinka yana hannunka. Na sha fita ni kaɗai bayan an tashi aiki, a watan Yuni da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, in yi addu'ar shiga jirgi, in kwance igiya, cikin minti 20 na kashe inji ba abin da nake ji sai ruwa yana shafar jikin jirgi.

Maimakon sandar da ake shimfiɗawa a ƙasan ƙyalle, wadda ta sha fasa kan mutane a wasu jirage, shi wasu ƙarafa biyu ne masu lanƙwasa kamar baka biyu da aka haɗa baki da baki, ƙyallen yana tsakaninsu, kuma suna can sama da kai. A ƙarƙashinsu an saƙa igiyoyi kamar ragar kaya. In ka gama tafiya ka saki igiyar sama, ƙyallen zai zubo ya kwanta cikin ragar, ba ya watsuwa. Akwai kuma wata igiya da take jan bakan nan baya: ka ja ta ƙyallen ya miƙe ya rage ciki don iska mai ƙarfi, ka sassauta ya yi tumbi don iska mai laushi. Sai da na shekara guda kafin hannuna ya gane ta. Wanda ya san wannan igiyar ya san jirgin.

In iska tana bayanka kuwa, nan yake sarauta. Babu wayar da za ta tare ƙyallen, sai ka sake shi ya buɗe gaba ɗaya a gefe, kamar ƙyauren da aka wangale. Mun sha wuce jiragen da suka fi mu tsawo a irin wannan tafiya. Gudunsa na yau da kullum kilomita 10 zuwa 12 ne a awa. Na san mai babur zai ce wannan ai tafiyar keke ce. Amma tan 5 ne yake tafiya da gadajensa da murhunsa, ba a ƙona ko cokali ɗaya na mai ba.

Ciki kuwa, da yake jigon ya koma can gaba, sai ɗaki ya zama fili. Dogon mutum yana miƙewa tsaye. Akwai wurin kwanan mutum huɗu ba takura, da murhun gas, da makewayi. Mai ɗakina ba 'yar ruwa ba ce, 'yar tudu ce daga wajen Gumel, kuma da farko ta ce ko da kuɗi ba za ta shiga ba. Faɗin jirgin ne ya janyo ta, don ba ya kwanciya sosai a gefe in an bi shi a hankali. Ta dafa mana shinkafa da wake a cikinsa a wani lungun tsibiran da ke bayan Kingston, yara suna ninƙaya da rigunan ruwa. Alƙibla a can arewa maso gabas take, kuma jirgin da ke kan anga yana juyawa da iska, don haka sai ka duba kamfas kafin ka tayar da salla. Tsakiyar ɗakin tana ɗaukar darduma ɗaya cif.

Yanzu ga inda Kawu yake da gaskiya.

Ƙyalle ɗaya ne, kuma babba ne. Ba ka da wani da za ka sauke ka bar ɗaya. In iska ta fara ƙarfi dole ka rage shi, ka sauke wani sashe ka ɗaure, kuma dole ka yi haka da wuri. Da zarar iska ta doshi kilomita 30 a awa, sitiyari zai fara yi maka nauyi, jirgin yana neman juya hancinsa cikin iska. Magana yake yi maka. Ranar da ban saurara ba, muna dawowa ne daga bakin kogin Nayagara zuwa Toronto, tafiyar wajen kilomita 50, a watan Agusta. Rana tana ɗas, iska tana daɗi, ƙyalle a buɗe duka. Rediyo ya faɗi cewa akwai yiwuwar hadari, kuma ina dubawa, amma gabas nake dubawa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san hadari daga gabas yake tasowa, ido ya saba tun yarinta. A can kuwa daga yamma yake zuwa. Ko da abokina ya ɗago daga ɗaki ya nuna min hagu, baƙin ya riga ya haɗe da ruwa, fuskar tafkin ta yi fari tana nufo mu.

Ba mu kai ga igiyoyin ragewa ba. Iskar ta doke mu, jirgin ya kwanta har ruwa ya hau gefen rufi, kwanuka suka zube a ciki, sitiyari ya ƙwace, jirgin ya juya hancinsa cikin iska da kansa. Ƙyallen ya riƙa kaɗawa da ƙara kamar ana harbi. Na ɗaga kai na ga jigon ya lanƙwasa yadda ban taɓa gani ba, na yi salati, na jira in ji ƙarar karyewa. Ba ta zo ba. Muka saki igiyar sama, ƙyallen ya faɗo cikin ragarsa, muka tayar da inji, muka tunkari igiyar ruwa har minti 20 ɗin suka wuce. Abin da muka rasa sanda ɗaya ce daga cikin masu miƙar da bakin ƙyalle, da ɗinkin da ya farke kamu biyu. Laifina ne daga farko har ƙarshe. Tun daga ranar, in na fara tunanin ko in rage ƙyalle, to na riga na tashi ina ragewa.

Akwai wasu abubuwan da suke halin duk jirgi mai irin wannan tsari, kuma wanda zai saya ya kamata ya sani. Wajen tunkarar iska ba ya kai jirage masu ƙyalle biyu kaifi, musamman in ruwa yana da gajerun igiyoyi, don nauyin jigon a hanci yana sa shi sassarfa. Juyawa da iska a baya kuma abin taka-tsantsan ne: ƙyallen mai murabba'in mita 50 zai tsallako da ƙarfi, doguwar igiyarsa ta share bayan jirgi, ta kama duk abin da ta samu, hula ko tabarau ko wuyan mutum. In iska ta yi yawa ni ba na yi, gara in zagaya ta doguwar hanya in juya ta gaba. Ɗaga ƙyallen da safe aiki ne na mai ƙarfi, har sai da muka sa na'urar naɗe igiya mai batir saboda abokina. Sannan in za ka je gaba ruwa yana rawa, hannunka zai nemi waya ya riƙe, ya tarar babu. Sai ka sunkuya ka bi ƙarfen riƙo na rufi.

Amma babban abin shi ne wuyan jigon, inda ya ratsa rufi. Jirgi mai wayoyi ya raba amanarsa wurare da yawa, wannan kuwa ya tara ta wuri ɗaya. Duk shekara, in an ciro jirgin a watan Oktoba kafin ƙanƙara, sai mun sa injin ɗaga kaya ya zare jigon, mun kwantar da shi, na bi wuyan da fitila da yatsa ina neman tsaga ko farin garin da alminiyam yake yi in ya fara ci. A shekara ta uku mun ba wani wurin gyara aikin sa sabuwar fitila a saman jigo. Da na zo sai na tarar yaronsu ya huda jigon da na'ura, tazarar tafin hannu daga wuyan, don ya fito da waya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. A jigo mai ɗauri wannan hudar ba wani abu ba ce. A namu kuwa, daidai inda sandar fatsa take ɗaukar nauyi ya huda, kuma daga irin wannan ramin tsaga take farawa. Sai da muka ɗauko masani ya auna, aka ƙarfafa wurin, kuɗi suka tafi, wata guda na damina ya wuce jirgi yana kan tudu. Wanda duk zai sayi irin wannan na hannu, kafin ya kalli katifa ko inji, ya biya a zare jigon a duba masa, ya ƙirga kowace huda, ya kuma ƙwanƙwasa rufin da ke kewaye da wuyan ya ji ko ruwa ya shiga katakon da ke tsakanin faiba.

Kuɗin riƙo ba kaɗan ba ne: hayar wurin ɗauri, cirowa da mayarwa, inshora, ga shi wata shida kawai ake morarsa, daga Mayu zuwa Oktoba. Mun tsira daga kuɗin sauya wayoyi, amma ranar da ƙyallen ya tsufa, ɗinka sabo ya cinye abin da muka tara. Duk da haka, in aka tambaye ni ko zan sake sayensa, zan sake, ba tare da na yi shawara da kowa ba. Ga mai iyali, ko dattijo, ko mai fita shi kaɗai a tafki da bakin teku, ban ga kamarsa ba. Mai son tsere ko keta babban teku, ya nemi wani. Ranar da na sayar da kasona zan dawo gida, sai da na koma tashar da daddare na zauna a cikinsa ni kaɗai.

Ƙanena ya tambaye ni ko za a iya kawo irinsa nan. A kogin Haɗeja ba zai yi ba. Ƙafa 5 yake buƙata a ƙarƙashinsa, mu kuwa da rani yashi ne ke fitowa, can ƙasa kuma kacalla ta toshe hanyoyi. Dam ɗin Tiga, da aka gama a 1974, yana da faɗi da zurfin da zai ɗauke shi, amma wa zai zare maka jigo, wa zai ɗinka maka ƙyalle, ga kalli a shimfiɗe ko'ina? Jirgin na can ne.

Dabarar dai ta biyo ni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu injin kwalekwale a garinmu sun koma gwangwala da filafili. Na kuma lura da abin da ban taɓa lura da shi ba ina yaro: koginmu arewa maso gabas yake gangarawa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Wato in za ka gangara ruwa ya kai ka, in za ka hauro iska tana bayanka. Gajeren jigo marar waya shi ya dace da kwalekwale, don mutum ɗaya zai iya zare shi ya kwantar cikin ƙiftawar ido. Sai dai kwalekwale ba shi da dalma a ƙasa, siriri ne, ƙyalle kaɗan zai kifar da shi. Dole ƙyallen ya zama ƙarami, igiyarsa a hannu take ba a ɗaure ba, ba lodin mutane, kuma kowa da rigar ruwa. Wanda ya tuna yaran da aka rasa a dam ɗin Watari na Bagwai a 2021 ba zai yi wasa da wannan ba.

Na faɗa wa Kawu haka, bai ce komai ba. Bayan kwana uku sai ga shi da sandar turare mai tsawon gaba biyu, ya fere ta da kansa, kauri a gindi siranta a kai. Tela ya haɗa mana buhunan taki huɗu. Kafinta ya huda bencin gaba na tsohon kwalekwalensa, ya kafa guntun katako mai rami a ƙasa.

Da hantsi muka gwada, a watan Janairu, hazo ya rufe gaɓar can. Muka gangara da filafili har bayan gonakin shinkafa, muka juya. Na dasa sandar, na miƙa masa igiyar. Buhunan suka cika, kwalekwalen ya fara haurawa yana yanka ruwa, ba wanda ya taɓa gwangwala. Yara suka biyo mu ta gaɓa da gudu. Kawu bai kalle su ba, bai kalli ƙyallen ba. Idonsa yana kan ramin bencin, inda sandar take ciza katako tana ƙara duk lokacin da iska ta ƙaru. Da muka iso gindin tsamiya ya saki igiyar, ya matsa gaba, ya sa babban yatsa ya shafa wurin.

"Gobe ka kira kafintan nan," in ji shi. "Ya ninka katakon nan biyu, ya naɗe ramin da robar taya. Kuma kada ya buga ƙusa kusa da shi."